Sawun Tsuntsu a Bakin Tabki

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai na ji fito a sama, siriri, sau uku-uku a jere. Na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Kirinjijiya ce, ba su fi bakwai ko takwas ba, sun nufi tabki. Na ƙwala wa matar ɗana kira ta fito ta gani. Ta leƙo da ludayi a hannu, ta ce, "Agwagi na, Inna," ta koma wajen tukunyarta. Ban ga laifinta ba. Abin da ta sani game da tabki shi ne ƙarar injin ban ruwa da labarin albasa a kasuwar Madawa. Ni kuwa na kasa ci gaba da tsintar, na zauna da faifai a cinya, hankalina ya tafi can baya.

A ƙuruciyarmu wa zai tsaya ƙirga su? Idan sanyi ya fara sassautawa, ruwan da damina ta tara a kwari ya soma ja da baya, tabkin nan cika yake da tsuntsu har ka rasa inda ruwan yake. Mu mata muke fara zuwa da sassafe, tulu a kai, ƙafa duk faso, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa don ɗari. Tun kafin mu gangaro daga gari muke jin hayaniyarsu. Kirinjijiya da farar fuskarta tana tsaye garke-garke a bakin ruwa, wuya miƙe, tana ta fito. Dinya, baƙa ƙatuwa, takan keɓe can gefe, ba ruwanta da kowa. Zalɓe ya kafe wuri guda tun asuba, ka rantse icce ne, sai ka ga ya sari ruwa ya ɗago da ɗan kifi yana wutsil-wutsil. Ga ladin kogi da jajayen ƙafafunta dogaye, tana taku cikin ruwa da yanga kamar ba ta son ya taɓa ta. Gauraka kuwa, in suka sauka biyu-biyu da tukkunsu mai ruwan zinariya, ko wadda ta bar tuwo a wuta sai ta sauke tulu ta tsaya. Sannan akwai baƙi, wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa da ba sa yin damina da mu. Sanyi ke kawo su, zafi ya kore su, ba wanda ya taɓa ganin ƙwansu balle sheƙarsu. In shaho ya gifta suka tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukansu har a ƙirji ake jin ta, inuwarsu ta rufe mu, awakin makiyaya da suka zo shan ruwa su watse.

Yau yashi ya cinye rabin tabkin, sauran kuma injuna sun kewaye shi suna zuƙa tun safe. Ba zan kushe su ba, da albasar nan aka rufa ɗakunan kwano, da ita jikokina ke zuwa lakwal, makarantar boko, da takalmi a ƙafa. Amma tsuntsu ba ya son hayaniyar da ba tasa ba. Dinya na fi shekara goma ban sa ta a ido ba, gauraka kuwa in na kwatanta wa yara sai su ce a telefon suka gan ta. Abin yana mini ciwo, ba na ɓoyewa.

Kada in cika baki, ni ma da farko ban ga kyansu ba. Ni ƴar tudu ce, daga wajen Babankatami aka kawo ni, ƙasar hatsi da dawa, inda ruwa ba ya kwana a ƙasa. A wurinmu in ruwan farko ya sauka, ba a tsayawa shawara. Gari na wayewa kowa ya saɓa sungumi, maza na sara, mata da yara na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige, ana tsere da rana kada ta shanye laimar. Wanda ya yi jinkirin yini guda ya zama abin magana har kaka. Da wannan aka raine ni, kuma ni ce mai saurin gidanmu, babana har yabona yake yi a gaban baƙi. Da wannan girman kai na shigo kwari a matsayin amarya.

Shekarar da aka kawo ni damina ba ta yi kyau ba. Ruwa ya zo da ƙarfi ya cika tabki, sannan ya ɗauke lokacin da hatsi ke fitar da kai. Abin da aka girbe bai kai rabin rumbu ba. Maigidana, wanda nake so kamar raina, ya tafi cin rani tun kafin sanyi ya kama, ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna kamar yadda matar ɗana ke kirana yau. Ya bar mana kuma tulu guda na irin wake, tiya huɗu, an cakuɗa da toka an liƙe bakin da laka. Muna da ɗan fili a bakin tabki, can ƙasa inda ruwa ke daɗewa. In ruwan ya janye akan shuka wake a laimar da ya bari, ba ban ruwa ba komai, ya nuna kafin bazara ta tsananta. Ranar da zai tafi ya dafa tulun ya ce, "Wanga shi na abincinmu in hatsi ya ƙare. In ya ɓaci ba mu da wani." Ko bai faɗa ba na sani, don a shekarar ko da kuɗinka ba ka samun iri a gari.

Inna doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, kuma a unguwarmu ita ce ma'aunin shukar tabki. Masu filaye na ƙasa ba sa taɓa iri sai sun ga ta fasa bakin tulunta. Har dattawa masu gemu sukan tsaya a ƙofar gida su yi sallama su ce, "Tsohuwa, ƙasa ta yi?" Ta ce da saura, su juya ba musu. Tana jin daɗin wannan girma, ko da yake ba ta nunawa. Kullum in mun gama ɗiban ruwa sai ta ja ni mu zauna a gindin wata bagaruwa da ke saman filinmu, ta miƙe ƙafa, ta fuskanci tabki. Ni kuwa ga daka na jira, ga itace ban yi ba, a zaunar da ni kallon tsuntsaye!

"Zamna, ƴar tudu," take cewa. "Mi kinka gani?"

"Tsuntsaye na, Inna."

"Waɗanne? Ina sunka tsaya?"

In faɗa mata a gajarce, ina cika ina batsewa. Ta gyaɗa kai, ta ce mu tafi gida. A raina nakan ce tsufa ne, tana neman abokin hira. Da ruwan ya janye daga filinmu, ƙasa ta bayyana baƙa wuluk tana ƙyalli, sai haƙurina ya ƙare. Tun da nake ban taɓa ganin laima irin wannan ba, ga ta a banza rana na dukanta. Na ce, "Inna, ƙasa ta jiƙe sarai, mi za mu jira?" Ta ce, "Ba ta yi ba tukuna." Ni kuma kunyar suruka ta hana ni ja.

Ana nan sai aka yi haihuwa gidan ƙanwarta a wani ƙauye wajen Ibohamane, ta tafi suna za ta kwana uku. Tana bayar da baya na fasa bakin tulun, na ɗebi rabi, na mayar da laka na shafe. Niyyata in ta dawo ta tarar da wake ya tsiro layi-layi, ta san ɗanta bai auro raguwa ba. Na shiga filin nan laka har idon sawu, ina huda rami da sanda ina jefa iri. Wasu ƙananan tsuntsaye masu tsinin baki suna tashi a gabana suna sauka a bayana, ina korarsu da zane. Mata masu wucewa da tuluna suna tsayawa, su dube ni, su dubi juna, su ce, "Sannu da himma, amarya!" Ni ko in amsa da ƙarfi, har da murmushi. Sai daga baya na gane irin sannun da suke mini.

Kwana biyar ba abin da ya fito. Inna ta dawo, ban ce mata komai ba. Ran na shida na faki idonta na je na tona rami guda. Waken ya kumbura ya yi laushi, na matsa shi ya fashe a yatsana, wari ya bugo ni. Na tona na biyu, na uku, na goma, duk haka. Na zauna a bakin filin na yi kuka sosai, ba don tsoron faɗa ba. Bazara nake gani, da rumbu wayam, da fuskar mutumin da ya tafi nesa yana dako don ya ciyar da mu.

Da la'asar ina tankaɗe, na ga Inna ta shiga ɗaki ta ɗaga tulun da hannu biyu, ta jijjiga shi kusa da kunnenta, ta ajiye. Ta fito ta zauna a kan turmi.

"Tulun ga ya rage nauyi. Ina kinka kai shi?"

"Na shibka, Inna."

"Ya hito?"

"Ya ruɓe."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Can ta ce, "Ki gama tuwon ga. Gobe in kin yi salla ki tashe ni."

Da safe a gindin bagaruwa ta yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. Ta ce, "Can wurinku ruwa daga bisa shika zuwa, shi gudu, dole ku bi shi da gudu. Nan ruwa tahiya shikai a hankali, kuma tsuntsu na biye da shi, kowane da layinai. In kin ga agwagi na iyo bisa gonarki, koma gida. In ladin kogi ta shigo, ruwa ya dawo ƙwabri. In ƴan tseren nan masu tsinin baki sunka zo suna caccaka, taɓo na, iri ruɓewa shikai. Ki jira kurciya da zakaran ƙeƙuwa su hwara yawo ciki. In sun taka, ki duƙa ki dibi sawun. In ruwa ya taru cikinai, da saura. In ya tsaya tsaf, bakinai bai rushe ba, ki ɗauko iri." Na ce me zai hana mutum ya soka yatsa ya ji? Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Yatsanki wuri guda shika taɓawa. Su kullum gonar duka suka takawa, ba ki ba su ko hura ba."

Sai ta miƙa hannu ta nuna wani abu fari can gefen tabki, ta ce, "Balbelar can tun ɗazu ba ta motsa ba." Na duba. Farin zane ne wata ta wanke ta shanya a kan ƙaya. Na dubi zanen, na dubi Inna, na ga wani fari-fari a tsakiyar ƙwayar idonta da ban taɓa lura da shi ba, don amarya ba ta kallon surukarta a ido. Na ce a hankali, "Zane na, Inna." Ta sauke hannun ta ce, "Tun bara hayaƙi nika gani. Kunne ɗai ya rage mini. Ba wanda ya sani, har ɗana. Kin zaci hira nika nema wurinki?" Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Ashe duk tambayoyin nan idona take ara, ni kuma ina ba ta amsa a gajarce.

Tun daga ranar na zama mai kallo na gaske. Rabin filin da na dagula da ƙafa ya riga ya ɓaci, ya daskare ya soma tsagewa. Sauran rabin, na can ƙasa, shi muka sa wa ido, da tiya biyun da suka rage. Kullum in zauna in faɗa mata komai, ita kuma tana ƙara mini da abin da kunnenta ya jiyo. Ta san kukan kowa. Takan ce dinya ta sauka a yamma tun kafin in hango ta. A nan na fara ganin abin da ban gani a da: yadda gauraka ke rawa, su buɗe fiffike su yi tsalle su rusuna wa juna, yadda ladin kogi ke naɗe ƙafa ɗaya ta yi barci a tsaye, yadda ƴan tseren ke gudu a bakin ruwa su tsaya cak tare kamar an ba su umarni. Wani lokaci in manta da wake gaba ɗaya, in ce, "Inna, da kin ga wannan!" Ta ce, "Na gane shi shekara da shekaru, hwaɗa mini dai." In kwatanta, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin kusanci da wani mahaluki kamar a waɗannan safiyoyi ba.

Amma lokaci na tafiya. Sanyin safe ya fara guduwa da wuri, baƙin agwagin nan suka soma rashin natsuwa, su tashi su kewaya tabki su dawo ba wanda ya kore su. Inna ta ce shirin tafiya suke, kuma in suka tafi zafi ya shigo ke nan, laima ba za ta jira kowa ba. Ga ƴan tsere har yanzu suna caccaka a ƙasan filin. In an yi sauri iri ya ruɓe, in an yi jinkiri ƙasa ta bushe a kansa. Abinci ya daina shiga mini.

Wata safiya na ga ƴan tseren sun koma gaba, sun bi ruwa. Kurciyoyi uku na yawo a tsakiyar filin, zakaran ƙeƙuwa na bin gefe yana masifarsa. Na lallaɓa na duƙa. Ga sawu nan, yatsu uku gaba, ɗaya baya, a zane tsaf, ba ɗigon ruwa a ciki. Na bi gefen filin ina dubawa, wajen ƙasa na sami biyu da ɗan danshi yana ƙyalli a gindinsu. Na dawo na faɗa mata duka, na ce ta yanke.

"Ni ban gani ba," in ji ta. "Ke kinka gani. Yau ko gobe?"

"Inna, ni da na ɓata rabi?"

"Awo, ke. Kin san warin wanda ya ruɓe, ni na manta shi."

Na koma na sake duƙawa. Na daɗe a wurin. Sannan na ce yau za mu shuka sama da tsakiya, gefen ƙasa sai jibi. Ba ta ce daidai ne ba, ba ta ce kuskure ne ba, ta miƙe ta ce in ɗauko tulun. Ina huda rami tana bi a bayana tana laluba shi da ƙafa, ta jefa ƙwaya uku ta rufe. Maƙwabta na hango mu suka ruga gida ɗaukar nasu. Ran da muka gama gefen ƙasa, da hantsi, baƙin suka tashi. Suka yi sama fiye da kullum, suka kewaya sau biyu, suka miƙe arewa ta kan duwatsu har suka zama ɗigo-ɗigo. Inna ta ɗaga fuska tana saurare har ƙarar ta ɓace, ta ce, "Allah shi kai ku lahiya."

Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Ran na biyar na tarar da ƙasa ta tsattsage, kawuna kore sun leƙo layi-layi. Na kama hannun Inna na ɗora a kan guda, ta shafa shi a hankali da ɗan yatsa. Waken ya yi, ba mai yawa ba, amma da shi da ɗan hatsin da ya rage muka ja har ruwa ya sauka, awakinmu biyu kuma suka sami harawa.

Maigidana ya dawo gab da damina, ya rame, ya yi baƙi. Washegari ya gangara tabki ya ga filin, rabi da kututturen wake, rabi fayau ba alamar an taɓa cin komai a ciki. Ya dawo ya same mu a tsakar gida, ga ƙanen babansa ya zo yi masa barka da zuwa. Ya ce, "Inna, tiya huɗu na bari. Mi ya samu rabin gonar?" Na ajiye taɓarya, na buɗe baki zan yi magana. Ta riga ni.

"Ni na shibka da wuri, ya ruɓe. Idona ya tahi, ɗana, ban ƙara ganin sawu. Abin da kunka iske cikin rumbu, yarinyar ga ta zaɓi ranar shibka tai."

Matan da suka gan ni cikin laka ba wadda ta tanka, don ba mai ƙaryata Inna a unguwar. Kafin magariba gari duka ya ji tsohuwa ta makance. Daga wannan shekara ba wanda ya ƙara tsayawa a ƙofarmu ya tambaye ta ko ƙasa ta yi. Na ga yadda take kasa kunne in ta ji takun mutum a waje lokacin shukar tabki, takun ya wuce, ta ci gaba da jan carbinta. Bayan kaka ɗanta ya kai ta asibitin mishan, aka yi mata aiki, ido ɗaya ya ɗan buɗe, amma girman nan bai dawo ba. Sau biyu na durƙusa a gabanta na roƙe ta ta bar ni in faɗa masa gaskiya. Na farko ta yi kamar ba ta ji ba. Na biyu ta ce, "Ni uwatai ce, ba inda za shi kai ni. Ke baƙuwa ta a lokacin. Tashi ki ba ni ruwa."

Na yi shekara arba'in da wani abu da maigidana, na haifa masa bakwai, ban taɓa ɓoye masa komai ba sai wannan. Ya koma ga Allah yana zaton mahaifiyarsa ce ta ɓata irin. Ni ce na ɓata shi.